Gas ya ƙi zama a zoɓona, zafi ne ko tanki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Na sayi tankin nan na ƙarfe mai lita 19, irin na Cornelius, ina so in riƙa sa wa zoɓo da lemun citta gas irin na lemun kwalba (CO2) ina sayarwa. Wani bature da ke haɗa giyarsa a gida na gani yana cewa psi 12 (ma'aunin ƙarfin matsin gas ke nan) ya isa, na sa 12 ɗin na bar shi kwana huɗu a ɗaki, da na buɗe wallahi salam kamar ban yi komai ba, ga shi ya ɗan yi tsami. Ina Kano ne, abin ya dame ni don kuɗi na zuba.

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam Hajiya, tankinki lafiyarsa lau, zafi ne. Shi baturen a firji yake ajiye nasa, kusan digiri 4, a wannan sanyin 12 kan ba da gas daidai na giya. Ruwa in ya ɗumama ba ya riƙe gas, a digiri 20 sai kin kai wajen 28 kafin ki samu abin da 12 ke bayarwa a sanyi, a digiri 30 kuwa kusan 40, to ina ga ɗakin Kano a watan Afrilu. Kuma lemun kwalba ya fi giya gas, don haka ko a firji ki kai shi 25 zuwa 30 ki ba shi kamar sati, in kina sauri ki kwantar da tankin ki yi ta jijjigawa yana sanyi.

Anti Larai: Ni tsamin nan ya fi tayar min da hankali 'yar uwa. Zoɓo mai sukari kwana huɗu a zafi ai ya fara juyawa, in aka ƙyale shi barasa zai fara zama, kar ki sayar wa kowa, zubar da shi. Kuma ki tace sosai, garin citta in ya rage a ciki kumfa kawai zai riƙa fitowa.

Maman Ilham: Innalillahi, na zubar yanzun nan. To in an ɗauke wuta fa?

Baban Sadiq: Kar ki riƙa buɗe firjin, ki jera ƙanƙara a gefen tankin. In ya ɗumama kar ki zuba, jira ya sake sanyi gas ɗin zai koma ciki da kansa. Silindar gas ɗin ma kar ki bar ta a rana.