Manhajar DAMASK na tsaya mini da zarar matsi ya kai kashi 35, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako biyu ke nan abu ɗaya ya tsaya mini.

Ina kwaikwayon murzar alminiyam a sanyi (matse shi don rage kaurinsa ba tare da an ɗumama shi ba) a kwamfuta da DAMASK, don in ga yadda ƙwayoyin cikin ƙarfen ke miƙewa suna sauya alƙibla. Da manhajar Neper na haɗa ƙwayoyi 200, a raga (ƙananan gidajen da ake raba ƙarfen cikinsu don lissafi) mai gida 64 ta kowane ɓangare, da hanyoyin zamewa 12 na alminiyam (hanyoyin da ƙwayarsa ke bi ta sauya siffa).

Komai lafiya har kauri ya ragu da kashi 30. Daga nan lissafin sai ya fara ja da baya yana rarraba mataki, a kashi 35 ya ƙi daidaita, ya mutu. Na buɗe matakin ƙarshe a ParaView, manhajar duba sakamako a hoto: gidajen da ke bakin iyakar ƙwayoyi sun baje kamar waina, wasu har sun murɗe.

Na ninka yawan matakai sau huɗu, kashi 2 kacal na ƙaru. Na sassauta iyakar kuskure, sai layin da ke nuna ƙarfin da ƙarfen ke ɗauka ya fara tsalle-tsalle, ban yarda da shi ba. Kashi 70 nake buƙata don in gwada da hotunan EBSD, wato hotunan na'urar hangen ƙananan abubuwa da ke nuna alƙiblar ƙwayoyin ƙarfe na gaske.

Don Allah, yaya ake sake shimfiɗa raga a tsakiyar lissafi ba tare da an rasa alƙiblar ƙwayoyi da taurin da suka riga suka tara ba?