Bututun da hayaƙi ke hujewa: wa ya taɓa fama da shi?

Abu Nima: Salamu alaikum jama'a. A masana'antar da nake aiki a Tema muna da tukunyar tururi mai ƙona baƙin mai. Bututun da ke kwasar zafin hayaƙi su ɗuma ruwa kullum cikin yoyo suke, faci kan faci. Manaja ya ce a sayo na sitenles, nau'in da ake kira 304, a huta. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Masta Suame: Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ku zubar da kuɗi. An kawo mini irinsu nan Magazin. Daga nesa ƙyalli suke, amma da ka haska tocila sai ka ga ramuka kamar an sossoke da allura, musamman gefen walda. Ka toshe nan, gobe can ya buɗe.

Injiniya Aboabo: Gaskiyar Masta ce. Na yi aiki a tashar lantarki mai ƙona kwal a Afirka ta Kudu, cutar ɗaya ce. Kwal da baƙin mai duk suna ɗauke da farar wuta. In ta ƙone ta haɗu da tururin da ke cikin hayaƙi, da zarar jikin ƙarfe ya sauka ƙasa da digiri 120 zuwa 150, sai asid ya kwanta a kai, shi ke cin baƙin ƙarfe. Inda ake wanke hayaƙi da ruwan farar ƙasa kuwa ga kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, ya taru, shi ke haƙa ramukan da Masta ya gani. A cikin nau'o'in sitenles, 316L ya fi 304 juriya, 2205 ya fi su duka biyun, amma a wuri mafi tsanani C-276 ake sawa, wani gaurayen ƙarfe mai yawan nikel. Tsadarsa ta sa sau da yawa siraran falle kawai ake manna wa bango. Akwai kuma bututun roba na PFA, asid ba ya taɓa su, sai dai ba sa isar da zafi ga ruwa sosai, dole a jera da yawa. Mu nan Gana ba mu da tashar kwal, wadda aka shirya ginawa a Ekumfi ma an fasa, to ba ma buƙatar zuwa can nesa.

Hajiya Mamobi: Ni sayen kaya nake wa kamfani. Ku nemi takardar shaidar ƙarfe kafin ku biya ko sidi ɗaya. Wani zai manna maganaɗisu ya ce kin ga bai kama ba, wai shaidar 316 ne ke nan. To 304 da 316 duk ba ya kama su.

Injiniya Aboabo: Malam Abu, kafin sayayya duba mana: ruwan da ke shiga bututun digiri nawa ne?

Abu Nima: Yallabai, bai kai 70 ba.

Injiniya Aboabo: To daga nan za ku fara. Ku ɗuma shi sosai kafin ya shiga, in kuma kun wanke tokar bututun da ruwa ku busar da su a ranar.