Wai me za mu kira "café racer" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu yanke wata magana. Wata bakwai ke nan ina fama da wani tsohon babur a zauren gidanmu, Honda CG125 na kawuna, wanda ya fi shekara goma a jingine bayan akurkin kaji. Na kwance shi kaf, na jiƙa kafireta a kananzir, na kankare tsatsar tanki, na sa sabon fistin da ringi. Wannan ɓangaren bai ba ni wahalar suna ba, garambawul ne, kowane bakanike ya sani. Inda na maƙale shi ne fasalin da nake sauya masa.

Shekaranjiya Hajiyarmu ta leƙo ta ce, "Kai, wannan abu da ka fige kamar kazar miya, me sunansa in ka gama?" Na ce café racer. Ta ce, "Kafe? Tun ba a hau ba har ya kafe?"

To kun ji inda shawarar farko ta mutu. Masu cewa a rubuta "kafe resa" kawai a huta, kamar yadda muka yi wa salansa da fulogi da birki, ku yi haƙuri. Salansa ba ta ci karo da wata kalmarmu ba. Amma a kunnen Bahaushe, abin hawan da ya kafe shi ne wanda ya nutse a yashi ko taɓo ana neman masu turi. Resa kuma da ƙyar ka raba ta da rezar aski.

Kafin mu ci gaba, ga asalin abin, don sunan ba daga sama ya faɗo ba. A Ingila aka fara, cikin shekarun 1950 zuwa 1960. Akwai wuraren shan shayi na bakin titi, su ne café ɗin, da direbobin manyan motoci ke tsayawa, wanda ya fi suna shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular a Landan. An buɗe shi a 1938, kuma a lokacin ba ya rufewa dare da rana, sai samari masu babura suka mai da shi majalisarsu. Burin kowannensu ya kai abin da suke kira "ton", wato gudun mil 100 a awa, kusan kilomita 160. Ana ba da labarin cewa sukan sa faifan waƙa a na'ura, mutum ya fita a guje ya kewayo wani shataletale ya dawo kafin waƙar ta ƙare. An rufe wurin a 1969, aka sake buɗe shi gaba ɗaya a 2001.

Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, ba su da kuɗin babur ɗin tsere irin na shahararriyar gasar babura ta tsibirin Man, sai suka riƙa kwaikwayonsa a gida. A cire duk abin da ke ƙara nauyi. A saukar da kan babur ƙasa, a ɗaure hannuwan biyu a jikin ƙafafun gaba. A mai da matakan ƙafa baya. Dogon tanki siriri, sirdi na mutum ɗaya mai tudu a baya. Mahayi ya kwanta a kan tanki kamar mai leƙen rijiya, don kada iska ta tare shi. Gwanayen cikinsu har aure suke haɗawa: injin babur ƙirar Triumph mai ƙarfi a cikin firam ɗin babur ƙirar Norton mai biyayya a kwana, suka raɗa wa jaririn suna Triton.

Wani ɗan'uwa ya kawo "babur ɗin mai shayi". Na yi dariya, don ta fuskar tarihi ya yi daidai, Ace ɗin nan ba shi da maraba da teburin mai shayin tasha. Sai dai ka faɗa wa mutumin Fagge haka, abin da zai gani shi ne mashin ɗauke da buhun burodi da kiret ɗin ƙwai.

Wani ya ce "babur ɗin tsere". Ban yarda ba. Wannan sunan yana da mai shi, su ne manyan nan masu rufin roba da ake gasa da su a fili. Namu ba ya shiga gasa, kama kawai yake yi da masu shiga. Hasali ma da zolaya aka fara kiran samarin da sunan, wato gwanin tseren da iyakacinsa daga wannan shago zuwa wancan. In muka ce "tsere" zalla, zolayar ta zube, kuma ita ce gishirin kalmar.

"Figagge" na Hajiya ya burge ni, ba ƙarya. Mu dama da kama ko da dalili muke raɗa suna, dubi roba-roba, dubi a-daidaita-sahu. Amma figagge ya haɗa har da babur ɗin da talauci ya fige, wanda madigadi ya faɗi ba a mayar ba. Ni kuwa da gangan na yanke wutsiyar firam ɗina. (Na yanke kafin in auna sirdin, sai da mai walda ya ƙara min yatsa uku. Wannan zancen wata rana ne.)

Kalmar da ta zauna min daga bakin tsohon bakaniken unguwarmu ta fito. Na kai masa fulogi ya duba, don tun da na cire akwatin tace iska na buɗe salansa, injin yake tari in na murɗa. Ya ga bakin fulogin fari fat, ya ce iska ta yi wa mai yawa, sai an sa jet mai faɗin rami a kafireta, in ba haka ba zafi zai cinye bawul. Na nuna masa hoton abin da nake son haɗawa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, wannan ai ba na neman abinci ba ne. Ba wurin fasinja, ba wurin kaya. Na kilisa ne."

Kilisa. A ɗaura wa doki sirdi da la'asar, a fita ba don tafiya ba, ba don gasa ba, a ɗan sake masa linzami a miƙaƙƙen wuri, a dawo majalisa ana cika baki. Ku gaya min abin da samarin Ace suke yi in ba wannan ba. Kuma ba baƙon abu ba ne mu ari kalmar doki, tun tuni muke cewa dokin ƙarfe, muke cewa sirdin keke.

Na san za a ce 'yan kilisa ai mutane ne. Haka ne, amma ko a Ingila sunan ya hau kan mahayin da babur ɗin duka. In ana gudun ruɗani sai a cika: babur ɗan kilisa, babura 'yan kilisa.

Ni dai a nan na tsaya, sai in wani ya zo da wadda ta fi. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mana ko kilisa tana da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata mana lissafi. Tudun bayan sirdin kuwa ba sai an yi muhawara ba, Baba bakanike ya riga ya kira shi tozo. Nawa ɗan kilisar, ko daga kan dutse aka gangaro da shi ba zai ga mil 100 ba, kuma har yanzu jet ɗin nake nema.