Shin yawan kofi ne ma'aunin gwani? Muhawara kan Henry Shefflin da Joe Canning

Malam Bashir: Ni a ganina babu wanda ya kai Henry Shefflin a tarihin hurling, wasan sanda da ƙaramar ƙwallo na ƙasar Ireland. Ya ci kofin ƙasa sau 10 tare da gundumar Kilkenny tsakanin 2000 da 2014, ya zarce Christy Ring na Cork da John Doyle na Tipperary masu 8 kowannensu, kuma sau uku ana zaɓensa gwarzon shekara, a 2002 da 2006 da 2012.

Hajiya Rabi: Malam, lissafinka daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. A tsarin GAA, hukumar da ke kula da wasan, ba a sayen ɗan wasa kuma ba a biyansa albashi, yawanci mutum ƙauyensu yake bugawa da gundumarsu har ya ajiye sanda. Shefflin ya tashi ya tarar da Brian Cody yana horar da Kilkenny, ga Tommy Walsh da JJ Delaney suna tsare masa baya. Joe Canning kuwa a Galway ya tsinci kansa, gundumar da rabonta da kofin tun 1988, kuma sai a 2017 ya kai su ga nasara, bayan makin da ya jefa daga bakin fili a ƙarshen wasan kusa da na ƙarshe da Tipperary. Duk da ƙarancin kofin, a 2021 ya wuce Shefflin a yawan maki a gasar.

Malam Bashir: To Hajiya, me za ki ce kan 2010? Shefflin ya ji rauni a gwiwa a wasa da Cork, aka lallaɓa ya fara wasan ƙarshe, bai yi rubu'in sa'a ba ya fita, Tipperary ta hana Kilkenny cin kofi na biyar a jere.

Hajiya Rabi: A 2007 ma raunin gwiwa ya fitar da shi a hutun rabin lokaci na wasan ƙarshe, amma Kilkenny ta doke Limerick. A 2015, bayan ya yi ritaya, sun sake ɗaukar kofin ba tare da shi ba.

Alhaji Garba: Ku ba ni dama in sa baki. Kun manta da matakin kulob, alhali a nan ne aka fi gane ɗan wasa, domin ƙauye ba shi da tarin gwanayen da zai zaɓa daga ciki. Canning ya ci kofin kulob na ƙasa sau 4 da Portumna, Shefflin sau 3 da Ballyhale Shamrocks a matsayin ɗan wasa. Wannan ya ɗan karkata wajen Hajiya. Sai dai ranar da suka haɗu a wasan ƙarshe na 2012 na fi duba: Galway na gaba a hutun rabin lokaci, Shefflin ya koma tsakiya ya janyo Kilkenny da maki 12, Canning ya farke a mintin ƙarshe, aka sake wasan, Kilkenny ta yi nasara.

Hajiya Rabi: Alhaji, a wasan da aka sake ɗin ba Shefflin aka zaɓa gwarzo ba, matashi Walter Walsh ne, wanda ranar ce ya fara buga wa Kilkenny a gasar.