Faifai ko kundi? Mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a, assalamu alaikum. Jiya ina rubutu a kan Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito ƙarshen Nuwamban 1982 da waƙoƙi tara, sai alƙalamina ya tsaya. Faifai zan kira shi, ko albam kamar yadda 'yan Kannywood ke faɗi?

Faifai kalma ce da nake ƙauna. Kakata da shi take rufe ƙwaryar fura, saƙar kaba mai jan zobe a tsakiya. Da garmaho ya zo, iyayenmu suka ga baƙin abu zagayayye mai layi-layi, suka ce ai faifai ne. Ba a taɓa raɗa suna da ya dace haka ba.

Sai dai sunan mazubi ne, ba na abin da aka zuba ba. Ga hujjata. A 1968 Beatles, ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, sun fitar da aiki guda mai farin bango, waƙoƙi 30, amma a kan faifai biyu. Ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd ma haka suka yi da The Wall a 1979. In ka ce "faifansu na 1968", wanne daga ciki? Yau kuma yaro yana sauraron aikin gaba ɗaya a waya, bai taɓa riƙe faifai ba.

Ni dai kundi na zaɓa. Kundin waƙoƙi.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini kundi na takarda ne, irin na malam da ake ɗaurewa da tsirkiyar fata. Allah ya gafarta Malam, ai kalmar Turawan ma, wato albam, daga takarda ta fito. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a kowane gefe, don haka ake jera su da yawa cikin aljihunan takarda, a ɗinke kamar littafin ajiye hotuna. Daga nan sunan ya samo asali. Da kamfanin Columbia ya kawo dogon faifai a 1948, mai cin minti ashirin da 'yan kai a gefe guda, littafin ya tafi, sunan ya zauna.

Abin da ya fi ja na ga kundi shi ne tsari. Ba tarkace ba ne, mai shi ya san abin da ya sa a gaba da abin da ya sa a baya. Ku saurari The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973: da bugun zuciya yake buɗewa, da shi yake rufewa, waƙa na shiga cikin waƙa ba a jin gaɓa. Ka yamutsa jerin, ka ɓata aikin.

Wata Hajiya ta kawo diwani, kuma ban yar da shi ba. Diwani tattara waƙoƙin sha'iri ne bayan an riga an san su. To mu ba shi irin tarin da aka fitar wa Beatles a 2000, waƙoƙi 27 da suka taɓa hawa matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa.

Na koma kan rubutuna na sa: "Kundin Thriller, wanda Quincy Jones ya tsara." Wanda kunnensa ya ji tuntuɓe a jimlar nan, ya faɗa mini a ina.