Jarumin da aka ɗirka wa allura: soyayya ce ko wankin laifi?

Anti Mai Littattafai: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na ƙarasa na huɗu cikin irin littattafan nan na Turawa da ake haɗa soyayya da cakwakiya, yau kuma na tashi da magana a bakina. Duk zubinsu ɗaya ne. Jarumin soja ne, an kai shi wani ɓoyayyen ɗakin gwaje-gwaje an ɗirka masa allurai, ya fito yana jin bugun zuciyar mutum ta bayan bango, in an harbe shi raunin ya haɗe kafin gari ya waye. Sai ga yarinya, yawanci likita ce ko 'yar mai ɗakin gwajin, ta ɗora masa hannu a ƙirji, ciwon kan da ya hana shi barci shekara uku ya sauka nan take. Ni dai a ganina littattafan nan wankin laifi suke yi. Zalunci ne aka ɗauko aka shafa masa hoda, har mai karatu ta rufe littafi tana cewa ina ma nata mijin aka yi wa allurar.

Autar Zaure: Haba Anti! Sai da kika cinye huɗu sannan kika gano laifi ne? Ai da kin ajiye tun na farko. Labari ne fa, ƙirƙira ce. Babu mai hankalin da zai karanta sojan da ke gani cikin duhu kamar mage ya ɗauka gaske ne.

Anti Mai Littattafai: Na cinye su, ban musa ba, daɗinsu ne ma ya tsorata ni. Ganin cikin duhu ƙirƙira ne, amma ɗakin gwajin fa?

Malamin Tarihi: Nan Anti ta riƙe bakin zaren. Ɗakin gwajin gaskiya ne, har sunansa akwai. A Edgewood, jihar Maryland ta Amurka, daga 1955 zuwa 1975, an gwada sinadarai a jikin sojoji kusan 7,000, ciki har da gubar sarin da VX da ƙwayar LSD mai juya hankali. Kafin nan, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka kusan 60,000 aka yi wa gwaji da iskar guba ta mastad da makamantanta. Wasu an kulle su ne a ɗaki aka saki iskar don a ga ko kayan kariyarsu za su riƙe, sannan aka rantsar da su kada su faɗa wa kowa. A cikinsu duka ba wanda ya fito da ƙarfin zaki. Ƙuna suka fito da ita, da ciwon huhu, da bakin da aka ɗinke.

Mai Jan Biro: Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ku bar mu marubuta mu yi magana. Littafin soyayya yana da ƙa'ida. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka ma abu biyu ta gindaya: soyayya ta zama ginshiƙin labari, ƙarshe kuma ya zo da daɗi da kyakkyawan fata. Wanda ya ɗauki irin littafin ya san alƙawarin da aka yi masa. Kuma ku duba da kyau, a labaran nan wa ake zagi? Ba a taɓa yabon mai gwajin ba. Shi ne mugun, shi ake farauta, shi ke mutuwa a babin ƙarshe. Ta ina ya zama wanki?

Malamin Tarihi: Ta nan ɗin da kika nuna, malama. Mugun a littafi kullum mutum ɗaya ne: wani tsohon likita mai sanyin ido, ya ɓalle daga gwamnati yana aikinsa a ɓoye. A harbe shi, a ƙona ginin, magana ta ƙare, kakin soja ya fita fes. A zahiri kuwa takarda ce da sa hannu da kasafin kuɗi. Shirin MKUltra na hukumar leƙen asiri ta CIA, inda aka riƙa gwada ƙwayoyi masu juya hankali a kan mutane, shugabanta Allen Dulles ne ya amince da shi a 1953, jami'o'i da asibitoci suka karɓi kuɗinsa, a 1973 kuma wani shugaban, Richard Helms, ya ce a lalata takardun. Abin da aka sani yau, mafi yawansa daga wasu takardu kusan 20,000 ne da suka kuɓuta saboda an ajiye su cikin na harkar kuɗi, aka gano su a 1977. To wa jarumin zai harba a nan? Akawu?

Autar Zaure: Malam ka ba ni dariya ina cikin ɓacin rai.

Ɗalibin Lauya: Ku ba ni dama in kawo labarin mutum ɗaya, don shi ne ainihin jarumin littafin Anti, sai dai ba hoda. Sunansa James Stanley, sajan ne a sojan Amurka. A 1958 ya miƙa kansa don gwajin kayan kariya daga iskar guba, abin da aka gaya masa ke nan. Ashe LSD ake ba shi a ɓoye. Ya koma gida ya zama wani mutum daban. A bayanin da ya shigar kotu, yakan farka cikin dare ya rufe matarsa da 'ya'yansa da duka ba dalili, da safe ya kasa tuna abin da ya yi. Ya bar soja a 1969, bayan shekara ɗaya auren ya mutu. Bai san me ya same shi ba sai a 1975, da rundunar ta aiko masa wasiƙa tana neman ya zo a duba yadda ƙwayar ta yi wa waɗanda suka “yarda” aka ba su. Ta wasiƙar nan ya ji. Shekara 17 yana ɗauka shi ne ya lalace.

Anti Mai Littattafai: Innalillahi. Ka ga matar nan ita nake tunani. Ita ma ai tana sonsa, ita ma ta ɗora masa hannu a ƙirji. Me ya hana ya warke?

Ɗalibin Lauya: Saura ma, Anti. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1987 ta ce ba shi da hurumin neman diyya, tunda abin ya same shi ne a bakin aikin soja. Sun bi sawun wata tsohuwar shari'a ce ta 1950 da ake kira Feres. Cikin alƙalan da suka ƙi yarda akwai William Brennan da Sandra Day O'Connor, dukansu suka tuna wa Kotun Ƙolin shari'ar da aka yi a Nuremberg ta Jamus, inda Amurka da kanta ta gurfanar da mutum 23, yawancinsu likitocin Nazi, kan gwaje-gwajen da suka yi a jikin mutane, aka yanke wa 7 hukuncin kisa a 1947. Sai da majalisar dokoki ta yi doka ta musamman dominsa kafin a ba shi kusan dala 400,000 a 1996.

Mai Jan Biro: To ai hujjata ka kawo, ƙanena. Kotu ta rufe masa ƙofa, matarsa ta tafi, ya kusa shekara arba'in yana jira. Laifi ne don marubuciya ta zauna ta ce a nawa labarin ba za a rufe ƙofar ba? A littafi ana yarda da maganarsa, wani ya ga tabon ya ce ba laifinka ba ne. Wannan mai karatu ke biya ta saya. Kuma mutum nawa ne za su ɗauki rahoton kwamitin majalisa su karanta? Da yawa ta labarin soyayya suka fara jin cewa ana iya mayar da soja ɓeran gwaji.

Ma'aikaciyar Jinya: Na yi shiru ne ina saurare, amma akwai abin da ya fi tsaya mini a rai, ba wanda ya taɓa shi. A aikinmu, kafin a sa mutum cikin kowane gwaji, sai ka zaunar da shi ka karanta masa takarda layi-layi, ka ce ya maimaita maka da bakinsa abin da ya fahimta, ka gaya masa yana iya janyewa ko da allurar na hannunka. Ƙa'idar Nuremberg ta yin gwaji a jikin mutum, wadda ta fito daga waccan shari'ar, guda goma ce, ta farkonta ita ce wannan yardar. To soja kuwa an horar da shi ne kada ya ce a'a. In ogansa ya tsaya a gaban layi ya ce wa zai fito, ga hutun kwana kaza, yardar nan rabinta umarni ce. Littattafan sun iya nuna wannan, na ba su. Abin da ke ƙona ni shi ne, bayan an gama kukan an yi masa abu ba da yardarsa ba, sai shi kuma ya juyo kan yarinyar: ya ɗauke ta ya kulle a wani gida wai yana kare ta, ya ƙwace mata waya, ta ce ya sake ta ya ce jikinsa ne ya zaɓe ta, allurar ce ta sa. Mu kuma mu narke.

Autar Zaure: Yaya, wannan kam ta same ni. Daidai wajen nan nake komawa in sake karantawa.

Mai Jan Biro: Wannan aibin marubucin ne, ba na zubin labarin ba. Ana iya rubuta shi yana tambaya kafin ya taɓa ta, ya ma fi daɗi, don mutumin da aka hana zaɓi shi ya fi kowa sanin darajarsa. Amma ƙarshe mai daɗi ba zan saki ba, ko Malam zai kwana yana jero mini shekaru.

Malamin Tarihi: Ɗaya ta rage, kuma taki ce, don soyayya ce tsantsa. Ronald Maddison, ɗan shekara 20, sojan saman Birtaniya. A watan Mayun 1953 ya je Porton Down, cibiyar gwajin makamai masu guba a Ingila, aka ɗiga masa sarin a kan ƙyallen da aka ɗaura masa a hannu, bai kai awa ɗaya ba ya cika. Ladan da aka yi masa alƙawari sule 15 ne da hutun kwana uku, an kuma ruwaito cewa zoben baiko ya yi niyyar saya wa budurwarsa da kuɗin. Binciken farko a asirce aka yi shi. Sai a 2004 aka sake zama, aka yanke cewa kisa ne ba bisa doka ba.

Autar Zaure: To Anti Mai Biro, in ke ce, ya za ki ƙarasa wannan?

Mai Jan Biro: Ba zan fara daga shi ba. Daga budurwar zan fara, ranar da take jiran ya zo hutun kwana ukun.

Anti Mai Littattafai: Rubuta, zan karanta. Amma kada ki kuskura ki tashe shi a babi na goma yana gani cikin duhu.