Rama da tumatir ɗina sun miƙe sirara suna kwanciya, ina mafita?

Maman Hafsa, Winnipeg: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na shuka rama, tumatir da attaruhu a 'yan kofuna, na jera su a bakin tagar kicin. Sun tsiro lafiya lau, amma yanzu sun miƙe sirara kamar zare, launinsu ya koɗe, wasu har sun kwanta. Taki zan ƙara musu ne?

Baban Sadik, Toronto: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah ajiye takin nan. Haske ne bai ishe su ba. Ranar watan Maris a nan Kanada ba ta da ƙarfi, ga gilashi biyu a taga, shi ya sa tsiron yake ta miƙa wuya yana neman ta, duk ƙarfinsa ya tafi a tsawo. Ki sayi fitilar LED, ki bar ta a kunne awa 14 zuwa 16 kullum, da dare ki kashe su huta. In doguwar nan ce marar zafi, ki sauko da ita kamar santimita 10 daga kan ganye. In mai ƙarfi ce ki bi tazarar da aka rubuta a kwalinta, don tana ƙona ganye. Yawancin mutane fitilar suna da ita, nesa suke rataye ta.

Anti Bilki, Calgary: Gaskiyar Baban Sadik. Amma Maman Hafsa, akwai hita a ƙarƙashin tagar? Gidajen nan galibi nan ake sa ta. Zafi da ƙarancin haske in suka haɗu, abin da kike gani ke nan. Iri yana son ɗumi kafin ya fito, da ya fito ki mayar da shi inda bai wuce digiri 20 ba ko kusa da haka. In kin rufe su da leda ma ki yaye.

Maman Hafsa: Wallahi Anti kamar kin shigo gidan, hitar tana nan daidai ƙasansu. To waɗanda suka riga suka kwanta fa, zubarwa zan yi?

Malam Ɗanjuma, Ottawa: A'a, tumatir ba ya ɓaci da wuri. Ki samu kofi mai zurfi, ki huda gindinsa, ki binne karan har kusa da ganyen farko. Duk inda ƙasa ta rufe saiwa zai fitar, ƙarshe ma ya fi na da ƙarfi. Ki kama shi ta ganye in za ki ɗaga, kada ki riƙe kara, in ya murje shi ke nan. Attaruhu kuwa ki ƙara masa ƙasa kaɗan kawai, ba ya yin saiwa a kara kamar tumatir. Sai ki duba gindin waɗanda suka kwanta: in ya tsuke ya yi ruwa-ruwa, wannan ruɓewa ce ta yawan ban ruwa, ba ya tashi, ki cire shi kada ya shafi sauran.

Anti Bilki: Ki riƙa zuba ruwan a faranti ƙasar ta sha ta ƙasa, sai saman ya bushe ki sake. Ki kunna musu 'yar fanka a hankali na wasu awanni, kaɗawar nan ce ke sa kara ya yi kauri.

Baban Sadik: Fitilar kuwa ki leƙa shagunan kayan noman cikin gida. Tun da Kanada ta halatta wiwi a 2018, aka yarda gida ya shuka har guda huɗu a mafi yawan larduna, shagunan suka yawaita, kuma tsiron wiwin ma wannan ciwon yake yi. Sai dai kada su ɗora miki mai tsada, ta tumatir ba ta buƙatar haka.

Malam Ɗanjuma: Kuma ki shirya amsa tambayar maƙwabta, Hajiya, don ganyen rama in ya girma sak na wiwi. Ni sai da na yi wa maƙwabcina kwaɗonta da ƙuli-ƙuli kafin ya daina kallona.

Maman Hafsa: Kai Malam! Allah ya shirye ka. Ita ramar ma in binne ta?

Hajiya Uwani, Edmonton: Ni shawarata daban ce. Ramar nan ki haƙura da ita, kin yi saurin shukawa. Tana girma da sauri, kuma ba ta son a taɓa mata saiwa. A Winnipeg ba za ki fitar da ita waje ba sai farkon Yuni, kafin nan ta gaji a kofi. Ki sake shuka sabuwa ƙarshen Afrilu, ƙwaya biyu a kofi, in sun fito ki yanke mai rauni da almakashi. Kafin dashe ki yi mako guda kina fitar da su inuwa kina dawo da su, kullum kina ƙara musu lokaci.

Maman Hafsa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Irin ramar ne ya kusa ƙare mini.

Hajiya Uwani: Ina da saura. Ki yi mini magana ta gefe in aiko miki.